Kunyar Ɗan Fari a Gaban Majistare

A shekarar yunwa, wadda gobarar daji ta lashe gonaki har mutane suka koma cin abin da ko akuya ba a ba ta a da, ina sayar da fura a bakin hanya a unguwar Changli ta garin Tamale. Na ce fura ne don sunan da aka saba da shi ke nan. Gero ya yi wuyar gani, sai mu haɗa da duk abin da ya samu mu mulmula ƙanana, mai saye ya kalle ta ya kalle ni, ni ma in kalle shi. Nonon da nake damawa wata Bafulatana ce take kawo mini daga rugarsu ta bayan Dungu. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata. Ita kuma Magajiya take ce mini, ko da yake ban gaji komai ba sai tukunya da surutu.

Doguwar mace ce siririya, ba ta da yawan magana. Mijinta ya kora yawancin shanun zuwa bakin wani kogi mai nisa neman ciyawa, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar ta da 'yan shanu kaɗan, da 'yan mata ƙanana, da ɗan farinta, yaron da bai wuce sha huɗu ko sha biyar ba. Wannan yaron shi ne namijin gidan.

Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo bukkar uwarsa. Adda ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta cin abinci yana kallo, ba ta yabonsa a gaban kowa. Idan magana ta kama dole sai ta ce “wancan”. Mu ma Hausawa 'yan zango muna da wannan kunya, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, amma zaman gari ya sassauta mana ita. Tasu ta ruga tana nan da ƙarfinta.

Wanda bai san su ba zai ce ba ta ƙaunarsa. Ni na sani, don ta hannuna ƙaunar take bi. Kullum idan ta sauke ƙwaryar nono, sai ta zaro wani ɗan ƙoƙo daga gefe, kindirmo mai kauri da ɗan man shanu a kai, ta tura shi ƙarƙashin teburina ta ce, “Ki ba wancan idan ya biyo.” Yakan biyo da hantsi, bayan ya sayar da itace ko igiya a kasuwa. In miƙa masa, ya juya ya fuskanci bango ya shanye. Ya san daga inda ƙoƙon ya fito, bai taɓa tambaya ba. Ni kuwa da tsokana, sai in ce mata, “Adda, wancan wa? Wancan ai sun yi yawa a Tamale.” Sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce Allah ya shirye ni.

Da yunwa ta yi tsanani shanun suka ƙafe, ƙannen yaron suka fara kumburin ƙafa. A unguwar Lamashegu akwai wani sito da 'yan kwamitin unguwa suke ajiye masarar rabo. Wata Juma'a, ana masallaci, yaron ya bi wasu 'yan gari suka shiga ta baya. Da aka yi ihu 'yan gari suka watse, don sun san lungunansu. Shi da ya saba da fili sai ya faɗa lungun da ba ya ɓullewa. Aka kama shi da masara a cikin hularsa da cikin riga, wadda ba za ta cika kwano biyu ba.

Sai wanda ya zauna a garin a shekarun nan zai gane abin da 'yan kwamiti suke. Samari ne, bakinsu cike da juyin juya hali, kuma ɗayansu yana yawo da rakoda rataye a kafaɗa. Mun fi tsoron rakodar nan fiye da bindiga. Yakan rufa ta da tawul ya tsaya kusa da masu ciniki, ba ka san ko ya danna ko bai danna ba. Saboda ita mata suka daina kukan tsadar kaya da ƙarfi, ni kaina da bakina ba ya shiru na koyi magana ƙasa-ƙasa. Da wannan rakodar suka ɗauki muryar yaron bayan sun lakaɗa masa duka. A cikin kaset ɗin ya amsa cewa duk masarar da ta ɓata a siton tun farkon rani shi ya kwashe. Yaron da ko jaki ba shi da shi! Kowa a unguwa ya san inda buhunan suka bi, amma babu mai faɗa. Suka kai shi ofishin 'yan sanda, shi da kaset ɗin.

A ɗaki ɗaya aka kulle shi da manyan ɓarayi, wai babu wurin yara. Ni nake kai masa abinci, ɗan sanda ya sa ni in ɗanɗana kafin ya karɓa. Adda takan raka ni, amma ba ta shiga. Sai ta tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin darbejiya, ta juya wa ofishin gefe, kamar mota take jira. Idan na fito ba ta tambaya. Ni ce zan ce, “Ya ci,” ita kuma ta gyaɗa kai mu kama hanya.

A nan na haɗu da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda muke ce wa 'yar welfiya. Mutuniyar kudu ce, mai kirki, amma a gajiye take. Aikinta ne ta je gidan yaro ta ga iyayensa ta kai wa kotu bayani, sai dai ofishinsu babu mota, kuma ko da akwai babu mai. Ba ta taɓa isa rugar ba. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce mini, “Mma, wannan laifi na fari ne, ƙarami ne. Ka kawo uwa ranar kot. In uwa ya tsaya ya ce ɗana ne, zan kula da shi, ya sa hannu, yaro zai koma gida. In babu uwa babu uba, sai gidan horo na kudu.”

Na samu Adda na zaunar da ita. Na ce, “Adda, can ba ruga ba ce. Mutanen nan ba su san kara ba. Idan suka tambaye ki, ki buɗe baki ki ce ɗanki ne. Magana ɗaya ce, ki faɗa mu dawo da shi.” Ta kalli ƙasa, ta ce, “To.”

Ranar shari'a ta zo da zanenta mai kyau, wanda take ajiyewa don Salla. Ba a babban zaure aka zauna ba. Wani ɗan ɗaki ne a baya, majistare babu hular gashin nan tasu, a gefensa wani dattijo, a ɗaya gefen 'yar welfiya. Na kama hannun Adda za mu shiga, sai ɗan sandan ƙofa ya tare ni.

“Kai, mame, kai uwa ne?”

Na ce, “Ƙawar uwa ce.”

Ya ce, “To tsaya waje. Kot na yara ba wurin kallo ba. Doka ne.”

An yi dokar ne don a rufa wa yara asiri, daga baya na gane haka, kuma ba na ce mummunar doka ba ce. Amma a ranar ita ta raba ni da Adda. Ta shiga ita kaɗai, ni kuma na zagaya na laɓe jikin wata taga da gilasanta suka farfashe. Ina ganin rabin ɗakin, ina jin komai.

Aka shigo da yaron. Ya rame, leɓensa a fashe, ya tsaya kusa da bango. Mai rakoda ya taso da taƙama ya ɗora ta a kan tebur ya danna. Batir ya yi sanyi, muryar tana fita a jaye, amma ana jin yaron yana cewa shi ne, shi ne, kuma tsakanin magana da magana ana jin ƙarar mari. Majistare ya ɗaga hannu ya ce a kashe. Ya tambayi saurayin wa ya ba shi izinin ɗaukar muryar, wane babba ne na yaron yake wurin, kuma ƙarar me ake ji. Saurayin ya fara wa'azin juyin juya hali, majistare ya katse shi. Ya sa tafinta ya faɗa da Hausa don yaron ya ji, cewa maganar da aka tatsa da duka ba shaida ba ce, kotu ba ta karɓe ta ba. A wancan zamani ba ƙaramin namiji ne zai faɗi haka ba. Saurayin ya tattara rakodarsa ya fita yana huci, ni kuwa a jikin taga har rawa ta so ƙwace mini.

Sai aka tambayi yaron a hankali, ya ce masarar hularsa da ta rigarsa shi ya ɗauka, don ƙannensa. Majistare ya yi rubutu, ya yi magana da na gefensa, duka suka gyaɗa kai. Abin da ya rage kawai a miƙa yaro ga nasa. Aka ce Adda ta taso.

Tafintan wani dattijon Badagombe ne. Ya ce, “Mame, majistare ya ce, wannan yaro ɗanka ne?”

Adda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Maza manya sun zuba mata ido, ga yaron nan tsaye, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ta sunkuyar da kai.

Aka sake tambaya. Da ƙyar muryarta ta fito, ta ce, “Yaron rugarmu ne.”

“Mene sunansa?”

Shiru.

“Wa ya riƙe shi?”

Ta ce, “Kakarsa ce. Ta rasu.”

“Uba fa?”

“Ya tafi da shanu.”

Na ga 'yar welfiya ta fara murza alƙalami tana kallon Adda da mamaki. Majistare bai gaji ba, na ba shi wannan. Ya sassauta murya ya sa aka tambaye ta ko yaron yana jin magana, ko za ta karɓe shi ta tsaya masa. Sai Adda ta durƙusa har ƙasa, ta faɗi abin da duk 'yar mutunci take faɗa idan an kai ɗanta gaban manya. Ta ce, “Ba shi da wani kirki. Naku ne, ku yi da shi yadda kuka gani.”

Ni kaina na sha faɗa wa malamin allo wannan magana a kan 'ya'yana. Kowa a cikinmu ya san roƙo ne, uwa ce take ƙasƙantar da kanta da ɗanta don babba ya ji tausayi ya ce, tashi, ɗauki ɗanki. A ruga ko a zauren mai unguwa da nan maganar ta ƙare, da yaron ya bi ta gida. Tafinta ya juya ta zuwa Turanci yadda ta fito, bai rage ba bai ƙara ba.

Ban san lokacin da na cusa baki ta tagar ba. Na ce, “Ɗanta ne! Ɗan farinta ne! Kunya take ji!” Majistare ya ɗago ya ga wata mata tana ihu da yaren da ba ya ji. Ba a fassara maganar na waje. 'Yan sanda biyu suka ja ni har bakin titi, ina zaginsu da Hausa da Dagbanci, yaren 'yan garin, ɗankwalina a hannu. Kafin in lallaɓa in dawo an gama. An rubuta cewa babu uwa ko uba ko wani mai riƙo da ya yarda ya karɓi yaron, don haka za a kai shi gidan horon yara can kudu, bakin teku, shekara uku.

Na tare tafintan a baranda. Na ce, “Baba, kai ma ba ka san al'ada ba? A gabanka aka haife mu!”

Ya ce, “Na sani, 'yata. Mu ma muna da irin shi. Amma na yi rantsuwa, abin da aka faɗa shi zan juya. In na sa nawa, aiki ya tafi, ni ma ina da yara.”

Na gaya masa maganar da ba zan rubuta ba. Har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci, ko da yake na san ba ƙarya ya yi ba.

Muka kama hanyar Dungu da ƙafa, rana tsaka. Adda tana gaba ina baya ina ta faɗa, ban bar komai ba. Na ce mata kunyar banza, na ce ta ba da ɗanta kyauta, na ce ina amfanin “to” ɗin da ta ce mini. Ba ta waiwayo ba. Da muka wuce gidajen ƙarshe sai ta zauna daɓas a gefen hanya da zanen Sallarta. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Magajiya, yana tsaye a wurin. Ta yaya zan faɗa yana ji?” Na zauna kusa da ita muka yi ta kuka.

Mun yi ƙoƙarin gyarawa. Bayan 'yan kwanaki na kai ta ofishin 'yar welfiya. Babu maza, babu yaron, mu uku ne kawai, sai Adda ta kalli bango ta ce, “Ni na haife shi.” Matar ta dafe kai, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ai da ta sani. Ta rubuta, Adda ta dangwala yatsa, aka ce za a aika sama. Amma an riga an sa yaron a lori an yi kudu da shi, ɗaukaka ƙara kuma sai da lauya, mu da ko abincin gobe ba mu da tabbas. Ba da daɗewa ba aka yi wa majistaren canjin wurin aiki. Mun yi ta zarya har muka gaji, kullum sai a ce mu dawo.

Adda ta ci gaba da kawo nono. Ta ƙara ramewa, maganarta ta ƙara raguwa. Ƙoƙon nan kuwa bai fasa zuwa ba. Kullum sai ta tura shi ƙarƙashin teburina ta ce in ba wancan idan ya biyo. Na daina tsokanarta. Idan ta tafi sai in ba duk wani yaro mai jin yunwa da ya wuce.

Ruwa ya dawo, gero ya dawo kasuwa, furata ta koma girmanta. Bayan shekara uku, wata rana da hantsi wani saurayi mai wando da aski ya tsaya a gabana ya gaishe ni, Hausarsa ta gauraye da Turanci da yaren kudu. Na miƙa masa ƙoƙon ranar, sai da ya juya ya fuskanci bango da shi a hannu na tabbatar ɗan Adda ne. An koya masa aikin kafinta, hannunsa duk kanta.

Ya zauna a bencina ya ce, “Mma, a gaban kot ta ce ni ba kowa ba ne.”

Na fara yi masa bayanin kunya, ya tare ni. Ya ce ya sani, ko a ranar ma ya sani. Amma a can, ranar ziyara, uwayen wasu sukan zo daga nesa da ƙunshin abinci, su tsaya a bakin ƙofa suna ƙwala sunan 'ya'yansu, kowa yana ji. Yaran suka riƙa kiransa “wanda uwarsa ta bayar.” Shekara uku yana juya maganar nan a ransa, har ta daina yi masa kama da kunya.

Ya ce, “Zan je in gan ta. In ta kira ni, zan zauna.”

Na rufe fura na bi shi. Mun same ta tana fitowa daga wurin shanu da ƙwarya a hannu. Tana ganinsa ƙwaryar ta karkace, madara ta zubo mata a ƙafa. Ta tsaya, na ga kamar za ta taho. Sai ta juya ta shige bukka, muka ji ta ce wa babbar 'yarta, “Ki kai wa baƙo ruwa.”

Na bi ta ciki da gudu. Tana durƙushe, ta cusa fuska a tabarma. Na kama kafaɗunta na ce, “Adda, don girman Allah, sunansa kawai. Sau ɗaya. Ba kowa sai mu.” Leɓenta ya motsa, ina kallo, ya sake motsawa, babu abin da ya fito. Da hannu ta nuna mini ƙwaryar kindirmon da ta fi kowace kyau, wai in kai masa.

Ya sha ruwan, ya sha nonon, ya yi wasa da ƙannensa, ya zagaya ya duba shanun ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe zaune a ƙofar bukkar. Kafin la'asar ya miƙe ya yi mini sallama. Daga baya wani direba ya ce ya gan shi a Kumasi wajen masu katako. Bai sake zuwa Tamale ba, ko kuwa ya zo bai biyo ta Changli ba.

Adda ba ta yi tsawon rai bayan haka ba. Da aka aiko mini jikinta ya yi tsanani na tafi rugar, na tarar bukkar cike da mata, maza suna zaune a waje. Zazzaɓi ya ɗauke mata hankali, ba ta gane kowa. A nan na ji sunan yaron daga bakinta. Da ƙarfi take kiransa, tana maimaitawa, irin kiran da ake yi wa yaro idan abinci ya sauka, har mazan waje suna ji. Wata tsohuwa ta miƙa hannu za ta rufe mata baki don kada ta kunyata a gaban surukai. Na buge hannun na ce a ƙyale ta ta kira ɗanta.